Kofin Da Ban Zana Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Baba da baban yara da yaran. Ni lafiya lau nake, ban da tarin da ƙurar takarda ke sa ni, shi ma ya lafa. In kin zo karanta wa Baba ki yi a hankali. Tunda idonsa ya tafi ke ce idon, kada ki dinga tsallake layi yadda kika saba in kin bar tukunya a kan wuta.

Ina da labari. Kin san a maɗaba'ar da nake aiki ni ne a kan injin yankan takarda, kuma kin san halina da guntayen da ake zubarwa, ba na iya ganin farar takarda in ƙyale ta. To wata tsohuwa ta zo karɓar sanarwar da muka buga mata, tana jira sai ta hango na zana Maigida yana gyangyaɗi a bayan wani kwali. Na yi wuf zan ɓoye, ta ce, “Miƙo nan.” Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wa ya koya maka?” Na ce babu kowa. Ta ce, “Da gani. Ka zo ranar Asabar da yamma.”

Ashe shugabar wata ƙungiya ce ta masu zane. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Suna haɗuwa a saman ɗakin karatu na unguwa, ɗaki mai taga uku da fanka ɗaya mai kuka, da kabad ɗin fensir da gawayi da fenti wanda duk ɗan ƙungiya zai iya ara. Mu goma sha ɗaya ne. Akwai Injiniya, wanda ya fi iya bayanin zane a kan zanen. Akwai wata da ake kira Mai Furanni, ko kujera aka ce ta zana sai fure ya tsiro a ƙafarta. Sun ba ni kati mai sunana. Ranar farko na raɓe a bakin ƙofa don hannuna duk tawada ne, Shugaba ta ce in matso, a nan ba a duba farce.

Duk Asabar ana ajiye abu a tebur a zana. Sau ɗaya a wata a fita waje, kasuwa ko tasha. Ƙarshen shekara kuma a rataye zanen 'yan ƙungiya a babban zaure, mutane su zo kallo. Amma dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta lokacin tashi. Kowa zai shimfiɗa nasa a ƙasa, a zagaye a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya gani. Mai zanen kuwa ba ya cewa uffan. Shugaba ta ce in har sai mai zane ya tsaya wa zanensa da baki, to bai yi ba.

Asabar da ta wuce ta ajiye buta a tsakiyar tebur, kofi a hagu, lemo biyu a dama. Ta ce kowa ya rufe ido ɗaya, ya kafe ɗayan a kan murfin butar kada ya yawata shi, abin da ke gefe kuma ya zana shi yadda ya zo masa ta gefen ido. Ta ce, “Abin da kuka gani nake so, ba abin da kuka san yana nan ba.” Na rufe na hagu na yi yadda aka ce. Da aka shimfiɗa, kowa na da kofi, na wani a karkace, na wani kamar hayaƙi. Nawa babu kofi sam. Buta da lemo, hagu fari fat. Kunya ta kama ni, ina jiran dariya. Sai Injiniya ya ce, “Ku dubi na baƙon nan. Mu muna cusa komai, shi ya san abin da ake bari, ya bar takarda ta sha iska.” Shugaba ta gyaɗa kai. Ni doka ta hana ni magana. Ban bar kofin da gangan ba. Da na rufe idon, babu shi ne kawai. Ina jin laifin wurin zamana ne.

Direban motar kaya ya ce Laraba zai biyo ta wajenku, shi zan ba takardar nan. Ki gaishe da yara.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya. Ƙaramar ta fara haƙori, ba ta barin kowa ya huta. Baba ƙafarsa ta yi sauƙi, yana fita har bakin ƙofa da sandarsa.

Wato yanzu ka zama ɗan ƙungiya mai kati. Yaron da ya cika mana bango da gawayi har Inna, Allah ya ji ƙanta, ta sa shi gogewa da tsumma yana kuka. Na yi dariyar Mai Furanni har Baba ya ce in nutsu in yi karatu.

Amma akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Daga farko Baba murmushi yake, da na zo kan maigidanka mai gyangyaɗi har ya ce Allah ya sa kada ya gani. Da na iso wajen buta da kofi sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in sake, daga inda matar ta ce a rufe ido. Na sake. Ya tambaye ni wane ido ka ce ka rufe, na ce na hagu. Daga nan bai ƙara magana ba. Na kai masa abinci ya ce in ajiye, har ya huce bai taɓa ba. Washegari ya ce in ba shi takardar, ya riƙe ta yana shafawa kamar zai ji rubutun da yatsa.

Ni dai ga yadda na fahimta: abin bai yi masa daɗi ba. Ka san Baba, shekara talatin yana kafinta, mutumin da in ƙafar kujera ɗaya ta gaza sai ya wargaza ta ya sake. A ce ɗansa na hawa bene duk Asabar ana yaba masa don ya bar rabin aiki bai yi ba. Ina jin tsoronsa kada mutanen nan su kumbura maka kai ka raina injinka. Ban ce ka bari ba. Amma a takarda ta gaba ka rage labarin zane ka ƙara na aiki, hankalinsa ya kwanta. Kuma ka nemi wani abu ka sha don tarin nan.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan alheri, Allah ya sa haƙoran ƙaramar su fito lafiya. Tari ya tafi. Ki gaya wa Baba ina nan kan injina, ban fasa zuwa ko rana ɗaya ba. Wannan makon littattafan makaranta muke yankewa, wuƙar har sau biyu aka wasa ta. Maigida ya ce yankana ba ya buƙatar a sake aunawa. Ban raina aikina ba, kuma ba zan raina ba. Iyakar abin da za ki karanta masa ke nan. Takarda ta biyu taki ce ke kaɗai.

Yaya, ba wurin zama ba ne.

Asabar biyu a jere na canja kujera, abin bai canja ba. Sai na gwada a ɗakina da rana tsaka. Na kafe ido a kan ƙusar da nake rataye riga, na rufe na hagu. Ƙofa ta ɓace. Ba duhu ba ne, da duhu ne da na gane tuntuni. Bango ne kawai ya ci gaba, kamar ba a taɓa fasa ƙofa a wurin ba. Na buɗe, ta dawo. Na rufe na dama, komai na nan. Na yi haka ya fi sau ashirin, har maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya ko wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Mun fita tasha zana masu jiran mota. Na auna su da fensir, ido ɗaya a rufe yadda aka koya mana, na bar wata mata da kayanta a ƙarshen layi ban sani ba. Mai Furanni ta ce, “Kai dai me hagu ta yi maka?” Injiniya ya ce salo ne, har suna ya ba shi. Shugaba kuma ta zaɓi zanen butar nan don zauren ƙarshen shekara, ta ce a bakin ƙofa za a sa shi. Ana ta yi mini barka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na ranar Litinin. Injinmu irin na da ne, doguwar wuƙa da mariƙi da ake dannowa da ƙarfi. Kafin in danna nakan sunkuya in rufe ido ɗaya in daidaita bakin takarda da layi. Shekara huɗu haka nake yi. Mai Ɗinki, dattijon da ke ɗinke mana littattafai, ya zo ta haguna ya ga takarda ɗaya ta fito, ya sa hannu zai tura ta. Ban gan shi ba. Mutum guda, Yaya, da farar rigarsa. Na riga na ɗora nauyina a kan mariƙin sai na ji muryarsa, na saki. Wuƙar ta ɗan ci takardar sama ta tsaya. Tsakaninta da yatsunsa bai kai kaurin fensir ba. Ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya ce, “Mai Yanka, in 'yata kake so ka faɗa, ba sai ka rage mini yatsu ba.” Kowa ya yi dariya. Na zagaya baya na zauna a ƙasa.

In na faɗa wa Maigida, wa zai bar mai rabin ido a kan wuƙa? Kuma ban iya komai ba sai wannan. Yanzu ba na rufe ido a bakin inji, kuma kafin in danna sai na waiga hagu sau biyu. Yankan ya fara karkacewa kaɗan. Babu wanda ya lura tukuna, ni na lura.

Ina so ki gaya mini gaskiya. Lokacin da idon Baba ya fara ina ƙarami, abin da na sani kawai wata rana aka rufe shago. Ta yaya ya fara? Ni nawa ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya ruwa. Na duba a madubi, ido ne kamar na kowa. Ki ce mini nasa da ciwo ya fara.

Kada Baba ya ji. Dama yana fushi da ni.

Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Yau mako biyar da na ba direba takarda, ban ji daga gare ki ba. Ina fatan lafiya. Na je tasha sau uku, wani ya ce motarsa ba ta shigo ba, wani ya ce ya canja hanya, wani ya ce bai ma san shi ba. Wannan ta gidan waya zan aiko, ko da za ta daɗe.

Ina ta saƙawa da warwarewa. Ko dai ba ta iso ba, ko ta iso kin karanta kin rasa abin da za ki ce mini. Na biyun ne ke hana ni cin abinci. Na san ki, da amsar mai daɗi ce da kin aiko ko a bakin wani ne.

Ban daina zuwa Asabar ba, amma ba zane ke kai ni yanzu ba. Shugaba ba ta motsa teburin, har ƙafafunsa sun yi alama a siminti. Ina zama a kujera ɗaya, in kafe ido a tsakiya, in duba inda abu ke ɓacewa. Da farko gefen tebur ne iyaka. Asabar da ta wuce kamar ya ɗan shigo, faɗin yatsa biyu. Ko kuma tsoro ne ke auna mini, ban sani ba. Mutane na zana kwalba, ni ina zaune ina awon abin da ya rage mini.

An sa wa zanen butar gilashi da katako. Shugaba ta ce in ba shi sunan da za a rubuta a ƙasa. Na ce zan yi tunani.

Jiya na bi ta gaban asibitin ido, na ga layi, kusan kowa da mai jansa. Na tsaya a tsallaken titi na kalle su, sannan na wuce wajen aiki. Muddin ban shiga ba, babu wanda ya faɗa mini komai.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Auta


Auta,

Lafiyarmu ƙalau, kada ka sa komai a ranka. Motar direban ce ta lalace a hanya, ya bar ta wajen makanike da takardarka a ciki. Jiya ya kawo ta yana ba da haƙuri, yau da safe kuma ta gidan waya ta iso. Mako bakwai kana ɗauke da wannan kai kaɗai, ni ina nan ina cewa fushi ka yi don na ce ka rage labarin zane.

Na yi yadda ka ce. Na karanta wa Baba ta farko, na tsaya, na ce shi ke nan. Ya ce, “Takarda biyu na ji kin buɗe.” Na ce ɗayar saƙon yara ce. Ya ce, “Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Karanta mini.” Ka yafe mini, na karanta. Da na zo kan Mai Ɗinki, sai na ga ya kama yatsun hannunsa ya riƙe.

Ba fushi yake yi ba. Ni ce na fassara shirunsa ba daidai ba, na kuma ɗora maka. Ya ce in ɗauko biro in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara. Ga shi:

“Auta, ni ne. Tun takardarka ta farko na gane, na yi shiru ina roƙon Allah ya sa wurin zaman ne. Shirun nan laifina ne, kuma ba shi ne na farko ba. Nawa bai yi ciwo ba. Ina duba miƙewar katako, ido ɗaya a rufe, sai guduma ta ɓace daga kan benci. Na buɗe ta dawo. Ban faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarku. Na ce wa zai ba kafinta mai rabin ido aiki? Na koyi waiwaye. Na koyi tara kayan aiki a gefe ɗaya. Shekara shida ina dabara, kuma na iya dabarar, babu wanda ya kama ni. Ranar da na je asibiti sai da aka riƙe mini hannu. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da na zo da wuri da an tsare sauran. Ya tambaye ni yaushe na fara lura, na ce masa bana. Yau ne na fara faɗin shekara shidan nan da bakina, yayarka ma yanzu take ji.

“Ka gaji haƙurina, kuma shi nake tsoron ya cuce ka. Wannan ba abin haƙuri ba ne. Ranar da takardar nan ta same ka, kada ka ƙara taɓa mariƙin nan. Yatsun bawan Allan nan ba naka ba ne. Ka je ka shiga layin. In aiki ya tafi, ya tafi. Ni na riƙe nawa shekara shida, ga inda nake zaune. Ita kuma matar da ta sa ka rufe ido, ka gaishe ta. Ni babu wanda ya shimfiɗa nawa aikin a ƙasa kusa da na wasu.”

Iyakar maganarsa ke nan. Ya sa na karanta masa, ya ce in ƙara cewa ba roƙonka yake ba.

Baban yara zai kai takardar nan tasha da kansa, ya ba wanda zai sa maka ita a hannu. In kana so in zo in raka ka, ka aiko, zan bar yara wajen kakarsu.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Kafin gaisuwa, ki fara gaya wa Baba na je.

To yanzu assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, kuma ki yi wa baban yara godiya, takardar a hannu aka sa mini.

Ranar Talata ta same ni, a bakin inji. Na karanta, na je na sami Maigida na faɗa masa duka. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, “Tun yaushe?” Na ce wata biyu. Ya ce, “Wata biyu kana danna mini wuƙa.” Gaskiya ya faɗa. Ya kira Mai Ɗinki ya ce in maimaita a gabansa. Wannan ya fi komai wuya. Dattijon bai yi dariya ba wannan karon. Ya tura hannunsa cikin aljihu ya ce, “Da ka faɗa mini tun ranar.” An ɗauke ni daga inji. Yanzu ina teburin naɗe takarda kusa da shi, yana koya mini ɗinki. Kwana uku bai yi mini magana ba sai ta aiki. Jiya ya ce ɗinkina kamar na bakin buhu, ina jin ya fara hucewa ke nan. Maigida bai ce zan daɗe a teburin ba, bai kuma ce ba zan daɗe ba.

Laraba na shiga layin. Sun sa na leƙa cikin wani abu kamar babban kwano, ido ɗaya a rufe, aka ce in kafe ɗayan a tsakiya in danna maɓalli duk sanda na ga ɗigon haske a gefe. Na ce wa ma'aikaciyar da ke gwajin ai wannan na iya, wata uku ina yi. Da aka zo idon dama, akwai lokacin da na daɗe ban danna ba. Ina jin injin yana aiki, na san haske na kunnuwa inda ba na gani. Likita ta nuna mini takarda mai da'ira biyu. Ta dama kusan kashi ɗaya cikin uku baƙi ne. Ta hagu ma akwai ɗan tabo da ban san da shi ba. Ta ce hawan jinin ido ne, ana gadonsa, kuma baƙin ba zai koma fari ba. Ta ba ni maganin ɗigawa safe da yamma, ta ce ba na wata ɗaya ba ne, na muddin rai ne. Na tambaye ta ko zan zama kamar Baba. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, in dawo bayan wata uku a sake gwajin, in baƙin bai motsa ba to mun riƙe shi. Ta ce ke ma ki je a duba ki, ko ba kya jin komai. Kada ki ce sai yara sun yi hutu, na san ki.

Asabar na hau benen. Da aka shimfiɗa zane aka zo kan nawa, Injiniya ya gyara murya zai fara, sai na ce ina da magana. Shugaba ta ce, “Ka san doka.” Na ce na sani, yau ɗaya dai. Na ce musu ban taɓa barin hagu don salo ba, ba na ganinta ne. Na ajiye takardar asibitin a ƙasa kusa da zanen. Shugaba ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwarta, ta dubi da'irar, ta dubi zanen, ta ce, “Shekara arba'in ina koya wa mutane kallo. Wata uku yana gabana.” Na ce Baba na gaishe ta, na faɗa mata abin da ya ce. Ta juya ta kalli taga.

Sai na ga Mai Furanni ta sa tafin hannu ta rufe ido ɗaya tana kallon kabad. Injiniya ma ya yi. Ba a jima ba manya goma suna tsaye, kowa da hannu a ido. Da wani ya shigo da ya ce mun zautu.

Shugaba ta tambaye ni ko a cire zanen daga na zaure. Na ce a bar shi a bakin ƙofar, amma maimakon suna a rubuta abin da ya faru a ƙasa, da inda asibitin yake. Injiniya ya ce shi zai tsara rubutun. Mai Furanni ta ce masa layi uku, ba shafi uku ba.

Wata ukun nan na jiran gwaji ne ban san yadda zan yi da su ba. Duk safiya in na ɗiga maganin sai hannuna ya tashi da kansa zai rufe ido in gwada. Likita ta ce in daina, ba abin da zan gano ni kaɗai sai tsoro. Wani lokaci ina iya hana shi, wani lokaci ba na iyawa.

Na roƙi Maigida kwana huɗu ƙarshen wata, ya ba ni. Zan zo. Kada ki yi wa yara alkawarin zan zana su, ba zan taho da fensir ba. Shekara biyu rabona da fuskar Baba, jiya na gwada tuno ta na ga akwai wuraren da suka kuɓuce mini. Ki ajiye mini kujera a gabansa, inda rana ke haskawa. So nake in zauna in kalle shi sosai.

Ƙaninki,
Auta